Launin Fata, Samu da Rashi, da Ciwon Zuciya: Nazari a kan Bambancin Tsawon Rai a Amurka da Ingila

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1921 ciwon zuciya ya zama cutar da ta fi kowace kashe mutane a ƙasar Amurka, kuma har yau bai sauka daga wannan matsayi ba. Sai dai ba daidai wa daida yake ɗaukar rayuka ba. Duk wanda ya tsaya ya dubi ƙididdigar mace-mace ta wannan ƙasa zai ga abubuwa biyu a sarari. Na farko, baƙaƙen fata sun fi fararen fata mutuwa da wannan ciwo, kuma yakan ɗauke su tun da sauran ƙarfinsu. Na biyu, talaka ya fi mai hali mutuwa da shi, ko da kuwa launin fatarsu ɗaya ne.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka masana kiwon lafiya sun daɗe suna muhawara a kan tushen wannan bambanci. Wasu sun tafi a kan cewa a jini yake, watau gado ne da baƙaƙen fata suka zo da shi daga Afirka. Wasu kuwa suna ganin a halin rayuwa yake, watau abin da mutum yake samu, da unguwar da yake zaune, da aikin da yake yi, da irin kulawar da ake yi masa in ya je asibiti. Amsar da aka bayar tana da nauyi, domin ita ce za ta nuna ko za a ɗauki abin a matsayin ƙaddarar da ba makawa, ko kuwa ɓarakar da hukuma da likitoci za su iya ɗinkewa.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin manyan nazarce-nazarcen da aka yi a kan batun, mu auna hujjojin kowane ɓangare. In mun ce ciwon zuciya, muna nufin cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini baki ɗaya, musamman guda uku: toshewar jijiyoyin da ke shayar da zuciya, da kasawar zuciya wajen tura jini, da shanyewar ɓarin jiki. In mun ce baƙaƙen fata, muna nufin Amurkawa 'yan asalin Afirka, waɗanda galibinsu jikokin bayin da aka kwashe ne a zamanin cinikin bayi. Ya kamata a lura tun daga nan cewa a ƙididdigar Amurka ba gwajin jini ake yi kafin a sa mutum cikin baƙaƙe ko farare ba. Rukuni ne na zaman jama'a, wanda mutum yakan ambata da bakinsa. Za mu kuma kasa musabbaban ciwon gida biyu: na kusa, watau waɗanda likita yake iya aunawa a jikin mutum, da na nesa, watau waɗanda suke haifar da na kusan.

2.0 Musabbabai na Kusa da Tasirinsu ga Tsawon Rai

A shekarar 1948 hukumar lafiya ta Amurka ta fara wani dogon nazari a garin Framingham, cikin jihar Massachusetts. An ɗauki mutum 5,209, maza da mata, aka riƙa gwada lafiyarsu duk bayan shekara biyu, ana jiran a ga wa zai kamu da ciwon zuciya, wa zai tsira. A 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka bayyana cewa hawan jini da yawan kitsen jini, wanda ake kira kolestarol, suna nuna tun da wuri wanda ciwon zai kama. Daga baya aka tabbatar da shan taba da ciwon sukari da ƙiba da rashin motsa jiki a cikin jerin. Waɗannan su ne musabbabai na kusa.

Girman tasirinsu ga tsawon rai ya fito sosai a wani lissafi da Donald Lloyd-Jones da abokan aikinsa suka yi a 2006 daga bayanan Framingham ɗin. Sun dubi mutane a lokacin da suka cika shekara 50. Namijin da ya kai wannan shekara ba ya shan taba, ba shi da ciwon sukari, awon jininsa da kitsen jininsa kuma suna daidai, haɗarin da yake da shi na kamuwa da ciwon zuciya a sauran rayuwarsa kimanin kashi 5 ne cikin 100, mace kuwa kashi 8. Amma wanda ya kai 50 ɗauke da manyan musabbabai biyu ko fiye, haɗarinsa ya kai kashi 69 ga namiji, kashi 50 ga mace. Ta fuskar tsawon rai, mazan rukunin farko sun fi na biyun da fiye da shekara 11, matan kuwa da fiye da shekara 8. Ke nan halin da mutum ya iso tsakiyar rayuwarsa da shi yana da babban rabo a yawan shekarun da suka rage masa.

Nazarin Framingham yana da naƙasu guda, shi ne kusan duk mutanen da aka fara da su fararen fata ne. Wannan ya sa aka buƙaci wasu nazarce-nazarcen. A 1960 wani likitan karkara, Curtis Hames, ya fara bin lafiyar baƙaƙe da farare tare a gundumar Evans ta jihar Jojiya. A 1985 aka fara nazarin CARDIA da matasa 5,115 'yan shekara 18 zuwa 30 a birane huɗu. A 1987 aka fara na ARIC da mutum 15,792. A 2000 aka fara nazarin birnin Jackson na jihar Mississippi da baƙaƙen fata zalla fiye da 5,000, sa'an nan a 2003 aka fara na REGARDS da mutum 30,239, wanda ya mai da hankali ga shanyewar ɓarin jiki. Daga waɗannan ne aka samu galibin abin da za mu ambata a gaba.

3.0 Girman Bambancin Tsakanin Baƙaƙe da Farare

Musabbabai na kusa ba su rarrabu daidai tsakanin rukunonin biyu ba. Babbansu shi ne hawan jini. Ƙididdigar hukuma ta 2017 zuwa 2018, wadda ta ɗauki awon 130/80 a matsayin iyaka, ta nuna kashi 57 cikin 100 na manyan baƙaƙen fata suna da hawan jini, fararen fata kuwa kashi 44. Bugu da ƙari, yakan kama baƙaƙen tun da ƙuruciya, ya kuma fi tsanani a jikinsu. Ciwon sukarin da likita ya tabbatar yana jikin kimanin kashi 12 na baƙaƙe da kimanin kashi 7 na farare. Ƙibar da ta wuce kima ta fi yawa ga mata baƙaƙe, kashi 57 a waɗancan shekaru, alhali ga mata farare kashi 40 ne. A ɗaya ɓangaren kuwa, yawan masu shan taba kusan ɗaya ne, kitsen jinin baƙaƙe ma bai fi na farare muni ba. Wannan ya nuna cewa ta ƙofar hawan jini mafi yawan bambancin yake shigowa.

Sakamakon haka yana bayyana tun mutane ba su tsufa ba. Nazarin REGARDS ya gano cewa a wajen shekara 45 shanyewar ɓarin jiki tana kama baƙaƙe kusan ninki uku na yadda take kama farare, sa'an nan tazarar ta riƙa raguwa har ta ɓace a wajen shekara 85. Ya kuma gano cewa ƙarin maki 10 a lambar sama ta awon jini yana ƙara haɗarin shanyewar da kashi 8 cikin 100 ga farare, amma da kashi 24 ga baƙaƙe. A nazarin CARDIA, cikin shekara 20 na farko, mutum 27 suka kamu da kasawar zuciya kafin su cika shekara 50, kuma 26 daga cikinsu baƙaƙen fata ne.

Ita ma hukuma ta daɗe da sanin haka. A 1985 rahoton kwamitin da Ministar Lafiya Margaret Heckler ta kafa ya ƙiyasta cewa kimanin baƙaƙen fata 60,000 suke mutuwa kowace shekara, waɗanda da ba su mutu ba in da yawan mutuwarsu daidai yake da na farare, kuma ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suka ɗauki kaso mafi girma. A 1990 likitoci biyu, Colin McCord da Harold Freeman, suka nuna cewa damar da namiji baƙar fata na unguwar Harlem ta birnin New York yake da ita ta kaiwa shekara 65 ba ta kai ta namiji a ƙasar Bangaladash ba. Matsakaicin tsawon ran farare ya fi na baƙaƙe da shekara 7.1 a 1993. Tazarar ta ragu daga baya, amma a 2019 tana nan shekara 4, watau 78.8 da 74.8. Wani nazari na 2002 da ya rarraba shekarun da ake asara bisa ga cututtuka ya sami hawan jini a kan gaba wajen bambancin launin fata, da kashi 15 cikin 100, alhali a bambancin da ke tsakanin masu ilimi mai zurfi da marasa shi cututtukan da shan taba ke jawowa su ne a gaba.

4.0 Ra'ayin Gado da Gwajin da Aka Yi Masa

Da aka ga hawan jini ya yi katutu haka cikin baƙaƙen Amurka, sai wasu suka nemi dalilinsa a jini. Mafi shahara shi ne hasashen da Thomas Wilson da Clarence Grim suka gabatar a 1991. Sun ce a lokacin da ake ƙetare teku da bayi, zawo da amai da gumi sun kashe da yawa saboda ƙarewar ruwa da gishiri a jiki, don haka waɗanda suka tsira su ne masu jikin da ke riƙe gishiri, jikokinsu kuma suka gaji wannan hali, wanda a yau ya zame musu hawan jini. Hasashen yana da daɗin ji, ya kuwa bazu. Amma a 1992 Philip Curtin, masanin tarihin cinikin bayi, ya nuna cewa bayanan tarihi ba su goyi bayansa ba, ta fuskar samuwar gishiri a Afirka ta Yamma da ta fuskar abin da ya riƙa kashe bayi a cikin jiragen.

Gwaji mafi ƙarfi shi ne wanda Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka yi, aka buga a 1997. Hujjarsu mai sauƙi ce: in gado ne tushen abin, to, ya kamata a sami hawan jini da yawa a duk inda 'yan asalin Afirka ta Yamma suke. Suka auna mutane da ma'auni iri ɗaya a Nijeriya da Kamaru, da tsibiran Jamaika da Barbados da Saint Lucia, da garin Maywood kusa da Chicago. Bisa iyakar 140/90, sun sami kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran, kashi 33 a Amurka. A cikin Kamaru kanta mazauna birni sun fi mazauna karkara. Nauyin jiki da yawan cin gishiri su ma sun bi wannan tsani, suna ƙaruwa daga Afirka zuwa Amurka. Asali ɗaya ne, amma hawan jinin ya ninka sau biyu bisa ga wurin zama. A 2005 kuma Cooper ya kwatanta ƙididdigar ƙasashe da dama, ya sami hawan jini a Jamus ya kai kashi 55, watau ya ɗara na baƙaƙen Amurka, wanda ya tsaya a kashi 44 a wannan lissafi.

Wannan ba ya nufin gado ba shi da rabo ko kaɗan. A 2010 an gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar halittar da ake kira APOL1, waɗanda asalinsu Afirka ne, inda suke kare mutum daga wani nau'in ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa. Kimanin kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen Amurka sun gaje su ta wajen uwa da uba duka, kuma hakan yana ƙara musu haɗarin ciwon ƙoda. Kazalika kashi 3 zuwa 4 suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar TTR, wanda kan sa tsokar zuciya ta sandare a lokacin tsufa. Amma gado bai karkata gefe guda ba. A 2006 an gano daga nazarin ARIC cewa kashi 2 zuwa 3 na baƙaƙen suna da wani sauyi a ƙwayar PCSK9 wanda yake rage mugun kitsen jini da kashi 28, ya rage toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 88. Abin lura shi ne, kowanne daga cikin waɗannan yana jikin tsiraru ne, kuma launin fata ba ya nuna wanda yake ɗauke da shi. Daɗin daɗawa, mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambanta da juna ta fuskar ƙwayoyin halitta, saboda haka haɗa su wuri guda da sunan jini ɗaya ba shi da tushe mai ƙarfi. A 2023 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da sabon ma'aunin ƙiyasta haɗari wanda ya cire launin fata gaba ɗaya, ya ba da damar sa halin unguwar da mutum yake zaune a cikin lissafi.

5.0 Samu da Rashi

Domin mu ga tasirin matsayin mutum shi kaɗai, ba tare da launin fata ya shiga tsakani ba, sai mu ƙetara zuwa Ingila. A 1967 aka fara nazarin Whitehall a kan maza 17,530 ma'aikatan gwamnati a birnin Landan, kusan dukkansu Turawa. An kasa su bisa ga muƙami gida huɗu: manyan jami'an mulki, sai ƙwararru da masu zartarwa, sai akawuna, sai masinjoji da masu tsaron ƙofa. A 1978 Michael Marmot da abokan aikinsa suka bayyana cewa cikin shekara bakwai da rabi, 'yan matakin ƙasa sun mutu da toshewar jijiyoyin zuciya ninki 3.6 na 'yan matakin sama.

Abubuwa uku ne suka sa wannan sakamako ya girgiza masana. Na ɗaya, duk mutanen suna da aiki tabbatacce, kuma asibiti kyauta ne a Ingila tun 1948, don haka ba maganar yunwa ko rashin kuɗin magani ake yi ba. Na biyu, bambancin tsani-tsani ne: kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, har ƙwararru sun fi manyan jami'ai. Na uku, da aka cire tasirin taba da hawan jini da kitsen jini da sauransu, abin da suka bayyana na tazarar bai kai rabi ba. Wannan ya rushe tsohon zaton da ake yi cewa ciwon zuciya cutar manya ce masu ɗawainiyar mulki. Nazari na biyu na Whitehall, wanda aka fara a 1985 da maza da mata 10,308, ya ƙara nuna cewa rashin ikon mutum a kan aikinsa, watau a ce kullum umurni yake karɓa ba ya yanke shawara, yana tafiya tare da ciwon zuciya.

A Amurka tazarar samu da rashi ta fi haka faɗi. Raj Chetty da abokan aikinsa sun haɗa bayanan haraji da na mace-mace na 2001 zuwa 2014, suka sami cewa tsakanin kashi 1 cikin 100 mafi samu da kashi 1 mafi rashi akwai bambancin tsawon rai na shekara 14.6 ga maza, 10.1 ga mata. Wannan ya ninka tazarar da ke tsakanin baƙaƙe da farare fiye da sau biyu.

To, tunda baƙaƙen Amurka sun fi yawa a cikin marasa hali, tambayar da ta biyo baya ita ce, nawa ne daga bambancin launin fata yake komawa ga samu da rashi? George Davey Smith da abokan aikinsa sun amsa a 1998 daga bayanan nazarin MRFIT, inda aka bi maza baƙaƙe 20,224 da farare 300,685 har shekara 16. Haɗarin mutuwar baƙaƙen ya fi na fararen da kashi 47 cikin 100. Da aka daidaita su ta fuskar awon jini da kitse da taba da ciwon sukari, sai ya sauko zuwa kashi 40 kawai. Amma da aka daidaita su ta fuskar kuɗin shigar unguwanninsu, sai ya faɗo zuwa kashi 19, na mutuwa da ciwon zuciya kuwa daga kashi 36 zuwa kashi 9. A 2023 Jiang He da abokan aikinsa suka sake wannan lissafi da mutum fiye da 50,000, maza da mata, na shekarun 1999 zuwa 2018. Mutuwa da ciwon zuciya ta fi yawa ga baƙaƙe da kashi 54 cikin 100. Da aka sa musabbabai na nesa a lissafi, irin su rashin aiki, da ƙarancin kuɗin shiga, da ƙarancin abinci, da rashin mallakar gida, sai bambancin ya kusan ɓacewa baki ɗaya.

6.0 Hanyoyin da Musabbabai na Nesa ke Bi Su Shiga Jiki

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kamata mu dubi tsagar, domin cewa talauci ne bai wadatar ba in ba a nuna ta yadda yake zama hawan jini ba, da kuma dalilin da ya sa baƙar fata da farar fata masu albashi ɗaya ba lalle ne halinsu ya zama ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce dukiya da unguwa. Ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin gidan farare yana da dukiyar dala 285,000, na baƙaƙe kuwa dala 44,900. Wannan yana da tarihi. A shekarun 1930 wata hukumar rancen gidaje ta tarayya, wadda aka kafa a 1933, ta zana taswirorin birane fiye da 200, ta shafa jan launi a unguwannin da ta ɗauka masu haɗari ga mai ba da rance, galibin unguwannin baƙaƙe kuma suka faɗa ciki. Wanda aka hana rancen gida an hana shi abin da zai bar wa 'ya'yansa. Nazarce-nazarce na baya-bayan nan sun sami ciwon zuciya ya fi yawa a waɗannan unguwanni bayan shekaru masu yawa. A 2001 kuma Ana Diez Roux ta nuna daga bayanan ARIC cewa zama a unguwar marasa hali yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ko da an daidaita mutane ta fuskar kuɗin shigarsu da iliminsu da sana'arsu.

Hanya ta biyu ita ce abinci. A 2018 nazarin REGARDS ya gano cewa cimar kudancin Amurka, mai yawan soye-soye da naman da aka sarrafa da gishiri da abin sha mai zaƙi, ita ce ta fi kowane abu bayyana yawan sabon hawan jini ga baƙaƙe, kimanin rabin bambancin ga maza, kusan kashi 30 cikin 100 ga mata. Abin da mutum yake ci kuwa yana bin aljihunsa da abin da ake sayarwa kusa da shi.

Hanya ta uku ita ce ɗawainiyar rai. A farkon shekarun 1980 Sherman James ya yi nazari cikin baƙaƙen karkarar jihar Carolina ta Arewa, ya lura cewa masu ƙaramin ilimi da suka fi dagewa a kan sai sun ci nasara ta hanyar aiki tuƙuru, duk da cikas ɗin da ke gabansu, su ne awon jininsu ya fi hawa. Ya laƙaba wa wannan hali sunan John Henry, wani gwarzon ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa na cikin labaran gargajiyar Amurka, wanda aka ce ya yi gasa da inji ya kayar da shi, sa'an nan ya faɗi ya mutu. A 1992 Arline Geronimus ta gabatar da ra'ayi makamancin wannan, cewa doguwar fama da ƙunci da wariya tana zaizaye jiki ta tsufar da shi da wuri, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa.

Hanya ta huɗu ita ce asibiti. Sai a 1966, da aka fara shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Medicare, aka tilasta wa asibitocin kudu su daina ware baƙaƙe, in suna son kuɗin tarayya. Amma bambanci bai ƙare da wannan ba. A 1999 Kevin Schulman ya nuna wa likitoci 720 hotunan bidiyo na 'yan wasa masu kwaikwayon ciwon ƙirji da bayani iri ɗaya, sai aka ga mata baƙaƙe su ne aka fi ƙin turawa gwajin jijiyoyin zuciya. A 2002 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta tattara nazarce-nazarce fiye da 100, ta yanke cewa tsirarun ƙabilu suna samun kulawar da ba ta kai ta farare ba, ko da inshorarsu da kuɗin shigarsu ɗaya ne.

7.0 Inda Aka Rage Giɓin

In bayanin da muka kawo daidai ne, to, ya kamata tazarar ta ragu a duk inda aka daidaita kulawa. Akwai shaidu a kan haka. A 2015 Csaba Kovesdy da abokan aikinsa suka dubi tsofaffin sojoji kimanin miliyan 3 da ke jinya a asibitocin hukumarsu, inda kuɗi ba ya hana ganin likita. A can mutuwar baƙaƙe ta yi ƙasa da ta farare da kashi 24 cikin 100, toshewar jijiyoyin zuciya kuma da kashi 37. Dole a yi hattara da wannan sakamako, domin sai mai lafiya ake ɗauka soja tun farko, amma dai ya nuna fifikon mutuwar baƙaƙe ba doka ba ce ta halitta.

A arewacin Kalifoniya, ƙungiyar asibitocin Kaiser Permanente ta buɗe rajistar masu hawan jini, ta tsara matakan magani iri ɗaya ga kowa, ta haɗa magunguna biyu a ƙwaya ɗaya, ta kuma sauƙaƙa zuwa awo. Yawan waɗanda jininsu ya daidaita ya tashi daga kashi 44 cikin 100 a 2001 zuwa kashi 80 a 2009.

Misali na uku ya fi su jan hankali. Maza baƙaƙe ba su cika zuwa asibiti ba, amma suna zuwa aski, sun kuma amince da mai askinsu. Ronald Victor ya yi gwaji a shagunan aski 52 a gundumar Los Angeles da maza 319 masu hawan jini, aka buga sakamakon a 2018. A wasu shagunan, mai aski yakan haɗa mutum da masanin magunguna wanda yake zuwa shagon ya auna shi ya rubuta masa magani bisa yarjejeniya da likitansa. A sauran kuwa shawara kawai ake bayarwa a je a ga likita. Bayan wata shida lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 27 a rukunin farko, da maki 9 a na biyu. Kashi 64 cikin 100 na rukunin farko sun sauko ƙasa da 130/80, na biyu kuwa kashi 12. Magungunan da aka yi amfani da su sanannu ne tun da daɗewa. Abin da aka sauya shi ne wurin da aka kai su, da hannun da ya miƙa su.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa bambancin ciwon zuciya da tsawon rai tsakanin baƙaƙe da fararen Amurka tabbatacce ne, kuma ta hawan jini mafi yawansa yake bi. Mun ga ra'ayin gado ya kasa bayyana dalilin da ya sa mutane masu asali ɗaya suka bambanta haka tsakanin Afirka ta Yamma da tsibirai da Amurka. Mun ga tsanin samu da rashi yana aiki ko a cikin Turawa zalla, kuma in an sa musabbabai na nesa a lissafi mafi yawan bambancin launin fata yakan zube. Abin da muka fahimta ke nan shi ne, a wannan fage launin fata alama ce ta matsayin da tarihi ya ajiye mutane, shi kuwa matsayin shi ne yake shiga jiki ta hanyar unguwa da abinci da ɗawainiya da asibiti.

Akwai darasi biyu ga masu bincike a ƙasashenmu. Na ɗaya, alƙaluman da Cooper ya samu a Nijeriya da Kamaru na shekarun 1990 ne, kuma tun daga lokacin hawan jini ya ƙaru a biranen Afirka ta Yamma, yayin da abinci da aiki da nauyin jiki suke sauyawa. Ƙarancin da aka gani a da halin rayuwa ne ya kawo shi, saboda haka sauyin rayuwa yana iya tafiya da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na biyu, duk wanda zai tattara bayanan marasa lafiya ya kamata ya rubuta sana'arsu da iliminsu da wurin zamansu da abin da suke iya kashewa a kan magani, kada ya tsaya ga ƙabila ko yanki kawai. In ba haka ba, zai iya jingina wa jini abin da rashi ya haifar, kamar yadda aka daɗe ana yi a Amurka.